Biza ba ta karanta zuciya

A Maraɗi akwai wani dattijo, ɗan kasuwar atamfa, wanda zaurensa ba ya rabuwa da baƙon malami kowane watan azumi. Wasu daga Katsina suke zuwa, wasu daga Sakkwato, su yi tafsiri, bayan salla su koma gida. In aka ta da zancen a tsananta wa masu wa'azi na ƙetare wajen biza domin tsaron ƙasa, ba ya saurin cewa i ko a'a, don kuwa shi ganau ne, ba jiyau ba.

Yana Kano sarin kaya cikin watan Disamba na 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke. Ya yi kwanaki ɓoye gidan mai masaukinsa, mutum fiye da 4,000 suka halaka. Madugun fitinar, Muhammadu Marwa, mutumin Kamaru ne, an taɓa korarsa daga Kano a 1962, ya sake dawowa. Shi ya sa dattijon bai ga laifin hukumar da ke son sanin wa ya shigo, wa ya gayyato shi, ina zai yi wa'azi ba.

Amma bai manta da watan Janairu na 1983 ba, sa'ad da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu. Waɗanda ya ga sun sauko tasha da tabarma da buta, leburori ne da ƴan ga-ruwa da masu gadi: kaza ta ci dawa, aka bugi akuya. Muhammad Yusuf kuwa, da ya kafa Boko Haram a Maiduguri, ɗan ƙasa ne, bai nemi bizar kowa ba. Wutar da ya hura ta ƙetaro har Difa da Boso a 2015, bayan mutuwarsa.

Don haka dattijon ya kafa tasa iyaka a bakin zaure. Baƙon malami in ya sauka, sai ya tambaye shi: «Malam, wajen wa aka yi karatu? Wa ya san ka nan garin?» Daga nan ya raka shi wurin liman da mai unguwa, kuma dare ukun farko yana sahun gaba yana saurare. Sau ɗaya ya ji baƙo ya fara kafirta maƙwabta. Washegari ya ba shi kuɗin mota.

A ganinsa jandarma da ɗan sanda su duba takarda, aikinsu ne. Abin da ke bakin mai wa'azi kuwa, mai masauki da masu saurare ke da alhakinsa.