Talabijin Ta Bar Gidajenmu, Su Wa Ta Bari A Baya?

Jama'a, ku faɗi gaskiya: yaushe rabonku da ku zauna gaban talabijin ƙarfe 9 na dare kuna jiran labaran NTA? Ban da kallon ƙwallo fa. Talabijin ɗin da ke ɗakin kallo na hostal ɗinmu ba ta samun jama'a sai ranar da Arsenal ko Madrid za su buga. Sauran ranakun tana can tana ta magana ita kaɗai, samari biyu ko uku na zaune a ƙarƙashinta saboda soket ɗin caji, kowa idonsa a kan wayarsa.

Abin da wasunmu ba su sani ba, Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan harka. WNTV ta Ibadan ta fara aiki tun 1959, kafin samun 'yancin kai. Arewa ta buɗe tata a Kaduna a 1962, aka kafa NTA a 1977, Kano kuma ta yi CTV 67 wadda yau ake kira ARTV. Daga waɗannan tashoshi iyayenmu suka san Samanja da Karkuzu da marigayi Ƙasimu Yero. Mu 'yan ƙarshen shekarun 1990 ragowar zamanin muka tarar, amma mun ga yadda gida guda mai akwatin talabijin a layinmu na Magajiya ke cika da yara bayan Magariba, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, wani ya hau katanga yana juya eriya ana ce masa “tsaya haka, ya yi!”

Ni ba na cikin masu kukan cewa da can ya fi yanzu. Hoto yana rawa, a ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, kuma rabin labaran gwamna ya je, gwamna ya dawo. Ba haka kawai mutane suka guje su ba. Gwamnati ma ta taimaka wajen kashe su: wa'adin komawa tsarin dijital shi ne Yunin 2015, Najeriya ba ta cika ba. An ƙaddamar a Jos a 2016, sannan Abuja a ƙarshen wannan shekarar, daga nan abin ya yi ta jan ƙafa. Kafin a gama raba dikoda, wayar Android ta riga ta shiga aljihun kowa.

Ku duba Labarina na Aminu Saira. A Arewa24 ya fara fitowa, ana kuma saka shi a YouTube, kuma masu kallo suka bi shi can. Izzar So kuwa a YouTube ya yi suna tun farko. Ga Northflix da Kallo.ng suna gwada nasu. Furodusa ya daina jiran tasha ta ba shi lokaci, ɗan Arewa da ke Jidda ko Landan yana kallo daren da muke kallo. Wannan cigaba ne, babu musu.

To amma wa ke biya? Nan ne maganar take. Talabijin ta eriya, da zarar ka sayi akwatin kuma akwai wuta, shi ke nan, mutum 20 su kalla kyauta. Yanzu kowane sabon kashi da kuɗinsa, kuma a farkon 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Mu ɗalibai muna da dabaru: datar dare, Wi-Fi na laburare in ya ga dama, ko a rage hasken hoto. Hajiyarmu ba ta da ko ɗaya. Ƙaramar waya take riƙewa mai madannai, karatun boko ba ta yi ba, ba za ta iya rubuta sunan shiri ta nemo ba. Duk hutun da na koma Suleja, kafin in ajiye jaka za ta ce, “Ɗan nan, ka zo mini da cigaban?” In ban sauko da shi ba sai ta jira ƙanwata ta dawo daga Islamiyya, a ci sa'a tana da data. Matar da a da ita ke cewa a kunna, a kashe, yara su je su kwanta, yau sai an ga damar ara mata waya. Wallahi abin yana min ciwo.

Kuma ko mu masu datar, ba kyauta muke sha ba. Tallan YouTube a kan mai kallo na gida ba ya kawo wani kuɗin kirki, shi ya sa za ka ga an cusa tallan maganin basir da na filaye a tsakiyar shiri, an ja labarin da zai ƙare a zango biyu ya kai goma. Datar da ka saya da kuɗin handawut, wani kasonta talla ta cinye.

Wanda ya gaji kujerar NTA a unguwanni irin tamu, in ka lura, shi ne mai shagon tura finafinai. Yaron nan mai tsohuwar laftof a bakin kasuwa, shi ke sauko da komai da dare, da safe mata su aiko yara da mimori. Shi ke zaɓar wa gida guda abin da za su kalla a wannan makon: fassarar Indiya, wa'azi, waƙoƙin biki, duk abin da ya ga yana tafiya. Labaran ƙasa ba sa cikin jerin, don babu mai aiko yaro ya biya kuɗi a tura masa labarai. Ranar da za a yi sanarwar rigakafi ko rajistar katin zaɓe, in ba rediyo ko limamin unguwa ya faɗa ba, mimorin Hajiya ba zai kawo mata ba.