Dattijon da Ke Tara Aninai

A wani lungu da ke tsakanin Kasuwar Kurmi da Dandalin Turawa, cikin birnin Kano, akwai wani dattijo, tsohon tela, wanda shekarunsa suka haura tamanin. Yana da wani gwangwani da yake ɓoyewa ƙarƙashin buzunsa, cike da tsofaffin kuɗi waɗanda ko ƙosai ba za su saya ba a yau. Jikokinsa kan tsokane shi, su ce, "Kaka, kai ne attajirin da ba ya cefane." Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya zazzage gwangwanin a kan tabarma.

Mafi yawan abin da ke ciki aninai ne da kwabbai masu huda a tsakiya, waɗanda Turawan mulkin mallaka suka fara bugawa a 1907. Anini goma ne kwabo guda. A fuska ɗaya akwai tauraro mai tsini shida, a ɗayar kuma rubutun Larabci tare da na boko, domin a lokacin masu karanta Larabci sun fi yawa nesa ba kusa ba. Kafin zuwansu da wuri ake ciniki, shi ya sa ma har yau muke cewa kuɗi, wato jam'in wuri. Matafiyin nan Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala guda a kan wuri 2,500. Naira ta zo a 1973, amma sunayen ba su tafi ba: har gobe akan ce wane ba shi da ko anini, ko kuma kwabonsa ya yi ruwa, alhali mai faɗin bai taɓa riƙe anini ba.

Akwai wani kwabo na 1936 da yake ji da shi, mai ɗauke da sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a watan Disamba na wannan shekara. Ingila kanta ba ta kai ga fitar da kuɗi da sunansa ga jama'a ba, amma ga shi an kashe su a Kurmi, an sayi goro da su. Wannan yakan ba dattijon dariya ƙwarai.

To, amma wanda ya fi daɗewa a hannunsa in ya buɗe gwangwanin shi ne wani ɗan ƙaramin tagulla da tsatsa ta mai da shi kore, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba. Wani amininsa da ya yi zaman aiki a Libiya ne ya kawo masa tsaraba. Kuɗin Rumawa ne, na zamanin Sarki Kustantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337, wato fiye da shekara dubu kafin Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi. A bayansa, daga ƙasa, akwai 'yan haruffa da ke nuna garin da aka buga shi. Irinsa ba su da tsada ko a Turai, saboda an buga su birjik, kuma manoma na ta tono su. Wannan arhar ita ce ta ja hankalin dattijon. A ganinsa zinariya taskar sarki take kwana, tagulla kuwa ita ke yawo a hannun mai burodi da ɗan dako da soja. Fuskar sarkin ta kusa shafewa, kuma yatsun talakawa ne suka shafe ta, kamar dai yadda suka cinye rubutun aninansa. Littattafan tarihi, har da na Kano, sarakuna da yaƙe-yaƙe suka fi kula da su; ba su cika faɗin abin da mai koko ta karɓa da safe ba.

Bara da damina ciwo ya kwantar da uwargidansa, kuɗin magani ya gagara. Babban ɗansa ya durƙusa ya ce, "Baba, ko za a duba gwangwanin nan?" Kowa ya zaci za a sha daga. Sai ga shi ya tsamo dalolin azurfa guda huɗu, masu hoton Sarauniya Mariya Taresa, ya miƙa ba tare da ya ko dube su ba. Ya san maƙeran farfaru narkar da su za su yi, su ƙera zobba da awarwaro, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. Dalilinsa shi ne, dalar ba ta faɗin gaskiyar shekarunta: sarauniyar ta rasu a 1780, kuma duk wadda aka buga bayan nan, ko da shekara ɗari ce a tsakani, 1780 ɗin aka ci gaba da rubuta mata. Wannan hujja ce, amma wataƙila har da lallashin zuciya a ciki.

Ɗan ya tambaya ko a haɗa da sauran. Dattijon ya ce a gwada. Aka kai Kurmi, mai saye ya ɗora aninan da kwabban da ɗan koren tagullar a kan sikeli gaba ɗaya, ya yi musu kuɗin tsohon ƙarfe, abin da bai kai na mudun gero ba. Da la'asar ɗan ya komo da su a ƙulle cikin leda. Tsohon ya kwance, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya tarar anini guda ya ɓace, ya aiki jikansa ya bi hanyar kasuwa yana duba ƙasa.