Ramin damina da tayar da za ta kai mu gida



Duk mai mota a Legas ya san cewa daga watan Afrilu zuwa Yuli titi yana sauya kama. Ruwa ya shiga tsagar kwalta, ya jiƙa jar ƙasar da ke ƙarƙashi, tirela ta bi ta kai da lodi, sai wurin ya lotsa ya fashe. Ramin da ka gani kamar faranti ranar Litinin, kafin Juma'a ya zama kwano. Masu bin hanyar Abekuta ta Abule-Egba zuwa Sango ba sa buƙatar a yi musu bayani. Mafi muni kuma shi ne wanda ruwa ya rufe, don ba ka sanin zurfinsa sai ƙafar mota ta gaya maka.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke auna ɓarnar. Idan mutum ya faɗa rami, zai fito ya zaga motar, ya daki taya da ƙafa, ya ga ba ta sace ba, ya ce alhamdulillahi ya wuce. To, godiya ga Allah wajibi ce, amma yawancin ɓarnar rami ido ba ya ganinta a ranar.

Idan taya ta bugi bakin rami, gefenta yana matsewa tsakanin rim da kaifin kwalta. Zaren da ke cikin robar ya tsinke, bayan kwana biyu ka ga ƙullutu ya fito a gefe kamar ƙwai. Wannan tayar ta gama aiki, babu facin da ke gyara ta, ko da mai faci ya rantse maka. Sauran bugun kuma yana wucewa ciki: rim ya lanƙwashe, shoka ta fara yoyon mai, bushin ya tsage, bol-joyin da tairod su saki. Tairod shi ne sandan da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota, kuma ɗan lanƙwasar da ba za ka iya gani ba ta isa ta karkatar da taya daga inda ya kamata ta kalla.

A nan maganar alaimen take shigowa. Ƙafafun mota kamar na mutum suke. Akwai mai tafiya yatsunsa na kallon juna, akwai wanda nasa ke kallon waje, akwai mai gwame. Dubi takalmin kowannensu, za ka ga gefe ɗaya ya riga ɗaya cinyewa. Kamfanin da ya ƙera motar ya ƙayyade yadda kowace taya za ta tsaya da inda za ta fuskanta, alaimen kuma mayar da ita ne kan wannan ma'aunin. Na taɓa zama na yi lissafin abin da biro. Idan taya ta karkace da rabin digiri kawai, a kowace kilomita ɗaya tamkar ana jan ta a kaikaice ne kusan mita 9. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne. Ke nan kafin ka isa gida ka goga tayarka a kan kwalta mai zafi, kamar yadda ake goga wuƙa a dutse, tsawon kusan kilomita 9. Da iyali a ciki, da kaya har saman rufi.

Kuma sau da yawa ta gefen ciki take cinyewa, inda ba ka gani. Daga waje zanen tayar yana nan raɗau, ta ciki waya ta fara leƙowa. Shi ya sa duk lokacin da zan wanke mota nake murɗa sitiyari har ƙarshe, in durƙusa in duba cikin, sannan in shafa tafin hannu a kan zanen. Idan ya yi santsi ta ɓangare ɗaya, ya yi kaifi kamar haƙoran zarto ta ɗaya ɓangaren, to ƙafa ta goce.

Sauran alamun sanannu ne. Kana tafiya miƙe amma sitiyari a karkace. Ka sassauta hannu, mota ta kama hanyar daji. Sai dai kafin ka yanke hukunci, fara auna iska, don taya ɗaya mai ƙarancin iska ma tana jan mota, kuma titunanmu an yi su da ɗan gangare zuwa gefe saboda ruwa ya gudu. Rawar sitiyari idan gudu ya kai 80 zuwa 100 kuwa yawanci ba alaimen ba ne, balansin ne ko rim da ya lanƙwashe. Mutane da yawa suna haɗa biyun, su biya kuɗin ɗaya alhali ɗayan suke buƙata.

Akwai wani dattijon Bayarabe mai alaimen da nake kai wa mota a wajen Agege. Bara, bayan wani rami da ruwa ya ɓoye ya karɓe ni da daddare, na kai masa. Ya ɗaga motar a jak, ya kama tayar gaba da hannu biyu ya girgiza, sai ga ta tana ƙwas-ƙwas. Da 'yar Hausarsa ya ce, “Alhaji, yau babu alaimen.” Na ce, “Baba, ai don shi na zo.” Ya ce in je in canza kan tairod tukuna, don idan ya saita a haka, kafin in kai gadar Pen Cinema saitin ya warware, shi kuma ya ci kuɗina a banza. Tun daga ranar nake auna masu wannan sana'a da abu ɗaya: wanda ya ɗora motarka a na'ura bai girgiza ƙafa ba, ko da kwamfutarsa ta fi ta banki kyau, kuɗinka kawai yake so. Na'ura ba ta ɗaure abin da ya saki.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba ƙarya ba ne. Za a ce meye amfanin alaimen a titin da gobe ma za ka sake faɗawa wani ramin? Ni ban ce bayan kowane rami a ruga gareji ba, da babu wanda zai yi kasuwa. Amma kuɗin alaimen ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin sabuwar taya guda, kuma ƙafar da ta goce tayoyi biyu take ci a tare, ta haɗa da mai. Wanda ya ƙi biyan wancan zai biya wannan, sai dai a kai shi ga sayen 'yar Kwatano, wadda bai san ramukan da ta riga ta sha ba. In dole ta sa ka saye ta, duba lambobi huɗun da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Shi kansa shiga ramin yana da ladabi. Taka birki kafin ka isa, ka saki kafin taya ta faɗa. Idan ka shiga da birki a take, yawancin nauyin motar ya koma gaba, bugun ya ninka. Kada kuma ka manne wa bayan danfo ko tirela, su sun ga ramin sun kauce, kai sai ka gan shi a ƙarƙashinka.

Ga masu shirin tafiya Sallah ta Ibadan, Ogbomosho, Ilori, Jebba har Mokwa, da direbobinmu masu Siyena da ke ɗaukar iyalan mutane, roƙona shi ne kada a bar wannan aikin sai jajiberi. A jajiberi layi ya yi tsawo, yaran shago ne ke murɗa sifana cikin gaggawa, idan an gano tairod ko bol-joyin ya mutu kuma babu lokacin neman mai kyau. A kai mota da mako guda a gaba, a sa a duba ƙafafun baya ma, don su ne ke ɗaukar buhunan tsaraba. Bayan an gama a hau babban titi a gwada, idan sitiyari bai tsaya daidai ba a koma a ranar, tun mai aikin bai manta fuskarka ba.