Sunayen da Bai Sani Ba

A shekarar 2013 mujallar Granta ta Ingila ta fitar da jerin matasan marubuta ƙagaggun labarai na Birtaniya. Wani malamin adabi ya bi sunayen da yatsa, yana neman waɗanda ya sani. Ya ga Zadie Smith, ya yi murmushi. Galibin sauran kuwa baƙi ne gare shi. Da farko ya ɗora wa alƙalan zaɓen laifi. Daga baya kunya ta kama shi, domin ya daɗe yana koyarwa, ashe karatunsa ya tsaya inda malamansa suka bar shi.

Wannan jeri ya samo asali ne a 1983, kuma bayan kowace shekara goma ake sabunta shi. Marubuta ashirin ake zaɓa, dukansu ƴan ƙasa da shekara arba'in. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma aikin alƙalan ke nan: su dubi Laraba su yi hasashen Juma'a. A jerin farko akwai Salman Rushdie da Ian McEwan da Buchi Emecheta haifaffiyar Legas. Akwai kuma Kazuo Ishiguro, wanda a lokacin ƙagaggen littafi ɗaya tak ya wallafa. A 2017 ya samu kyautar Nobel. A 1993 aka sa Ben Okri, haifaffen Minna. A 2003 aka zaɓi Monica Ali tun littafinta na farko bai shiga kasuwa ba.

Da malamin ya yi nazarin wannan tarihi, sai ya fahimci cewa yawancin mashahuran da yake tinƙaho da saninsu, su ma a ranar da aka zaɓe su baƙi ne ga masu karatu da yawa. Saboda haka ya ɗauki suna guda daga cikin waɗanda bai sani ba: Nadifa Mohamed, wadda aka haifa a Hargeisa ta girma a Landan. Ya nemi littafinta na farko, Black Mamba Boy, wanda ta gina a kan rayuwar mahaifinta, ya karanta shi bai san komai game da ita ba, don haka shi kaɗai ya yanke wa littafin hukunci. A 2021 wani littafinta, The Fortune Men, ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Booker.

Hasashe ba ya rasa kuskure. Wasu da aka zaɓa sun yi shiru, wasu da aka tsallake sun yi fice. Malamin ya san haka. Duk da haka, da jerin 2023 ya fito, sai ya fara daga sunayen da bai taɓa ji ba, ya rubuta uku a takarda, ya shiga aji ya shaida wa ɗalibansa cewa shi ma bai karanta ko ɗaya daga cikinsu ba tukuna.