Tsibirin Idra: yadda baƙi ke cin bazara a garin alfadarai

A kudu da Atina, babban birnin ƙasar Girka, akwai wani tsibiri da ake kira Idra. Daga tashar jiragen ruwa ta Pire, jirgi mai sauri yana kai mutum cikin awa 2 ko ƙasa da haka. Tsibirin dutse ne tsagwaronsa, girmansa wajen murabba'in kilomita 50, mazaunansa na dindindin kuwa wajen mutum 2.000 ne. Amma da watan Yuni ya kama, sai gari ya cika maƙil. Ban da ƴan yawon buɗe ido masu kwana biyu su wuce, akwai wani rukuni na baƙi, mutanen Ingila da Faransa da Jamus da Amurka, waɗanda suka sayi gida ko suka kama haya, suna zama wata da watanni. Da yawansu sun fi son Kamini, wani ƙauyen masunta da ke yamma da tashar, tafiyar minti 20 a ƙasa.

Abin da baƙo ke fara lura da shi, shi ne shiru. Doka ta hana mota da babur a tsibirin, sai fa motar kwasar shara da ta kashe gobara da ta ɗaukar marasa lafiya. Gidajen an gina su ne a jikin tudu, wani bisa wani, hanyoyin kuwa matakala ne na dutse, wani wuri mutum biyu ba sa iya jerawa. Saboda haka duk abin da ya shiga gida, a bayan dabba ya hau. Tun da sassafe alfadarai da jakuna suna jere a bakin tasha, masu su na jiran jirgin kaya: buhunan siminti, tukwanen gas, kwalaben ruwa, firigo, har da katifa. A 2018 gwamnatin ƙasar ta fitar da ƙa'ida cewa kada a aza wa dabba kayan da ya wuce kilo 100, ko kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta. Ɗan kasuwa zai gane lissafin nan da nan: kaya ya biya kuɗin jirgi, ya kuma biya kuɗin alfadari, kafin ya kai hannun mai saye. Shi ya sa tsadar Idra ta fi ta Atina, kuma baƙon da gidansa ke can ƙololuwar tudu yakan koyi rubuta cefanensa a takarda, domin wanda ya manta gishiri, matakala ɗari biyu ko uku ne ke jiransa a cikin rana.

Darasi na biyu ruwa ne. Sunan tsibirin kansa daga kalmar ruwa ya fito a harshen Girkanci, saboda idanun ruwan da aka ce yana da su a zamanin da, amma yau sai suna. Bazarar can ta saɓa da abin da aka sani a Sahel: watannin Yuni da Yuli da Agusta, lokacin da manomin Maraɗi ke duƙe a gona, can ko ɗigo da wuya ya sauka. Ruwan sama sai da sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris. Don haka magabata suka haƙa wa tsofaffin gidaje rijiyar tara ruwa a ƙarƙashin daɓe, suna ce mata "sterna", ruwan rufi yana gangarawa cikinta ta indararo. Shekara da shekaru kuma jirgi ne ke jido ruwa daga gaɓar Peloponis da ke tsallake, har zuwa 2014 da aka buɗe ma'aikatar tace ruwan teku. Duk da haka ɗabi'ar tsimi ba ta bar mutane ba. Tsohuwar da ta wanke kayan miya, ruwan take zuba wa tukunyar furenta. Baƙon da ya saki tiyo yana wanke tsakar gida da rana tsaka, ba wanda zai ce masa uffan, amma kafin magariba unguwa ta san labarinsa.

Yinin bazara kashi uku ne. Na farko daga asuba zuwa hantsi: sayen burodi da zafinsa, tarar masunta a bakin ruwan Kamini, wanka a teku daga kan duwatsu, domin tsibirin ba ya da rairayi mai yawa, sannan duk wata hulɗa da buro ko banki ko gidan waya, tun ba a rufe ba. Na biyu shi ne tsakar rana, sa'ad da zafi ke wuce digiri 35 a wasu ranaku. A ƙasar Girka hutun rana doka ne: daga Afrilu zuwa Satumba, tsakanin ƙarfe 3 da 5 da rabi na yamma, an hana hayaniya a unguwa. Ba buga guduma, ba ƙure rediyo. Ana rufe tagogin katako, gari ya yi tsit, ba abin da ke motsi sai kyanwoyi, waɗanda yawansu a Idra ya zama abin magana. Baƙon da ya buga wa maƙwabci ƙofa a wannan lokaci ya yi babban rashin ladabi. Kashi na uku yana farawa da sanyin la'asar. Jama'a na fitowa da tufafi masu tsabta, ana kai da kawowa a bakin tasha, dattawa na shan gahawa suna buga "tabli", wani wasa na allo da ƙwayoyi. Abincin dare sai ƙarfe 10: kifi, tumatir da cuku, man zaitun, wake, ga yara na guje-guje har tsakar dare.

Wanda ya dubi manyan gidajen dutse da ke kewaye da tashar zai tambayi ina talakan tsibiri ya samo wannan dukiya. Amsar ita ce fatauci. A lokacin yaƙe-yaƙen Napoleyon, jiragen mutanen Idra sun riƙa keta shingen da Ingila ta kafa a teku, suna kai alkama Faransa da Ispaniya da riba mai yawa. Da yaƙin neman ƴanci daga Daular Usmaniyya ya tashi a 1821, attajiran suka mai da jiragen fatauci na yaƙi. Lazaros Kunduriyotis ya zuba dukiyarsa a ciki, Andreyas Miyawulis ya jagoranci mayaƙan ruwa. An ci yaƙi, amma kasuwa ta mutu, jiragen tururi suka zo, mutane suka watse. Har yau a ƙarshen watan Yuni ana bikin tunawa da Miyawulis, ana ƙona wani jirgi a tsakiyar ruwa, dare ya haskaka. A ranar 15 ga Agusta kuma, babbar sallar Kiristocin ƙasar ta tunawa da Maryamu, ƴan asalin da ke aiki a Atina duk suna dawowa gida.

Cikin waɗannan gidaje da aka gudu aka bari ne baƙin farko suka sauka. George Johnston da matarsa Charmian Clift, marubuta daga Ostareliya, sun zauna daga 1955 zuwa 1964. A 1957 aka fitar da wani fim na Sophia Loren da aka ɗauka a tsibirin, duniya ta gan shi. A 1960 mawaƙin nan na Kanada, Leonard Cohen, ya sayi gida marar wutar lantarki a kan dalar Amurka 1.500. Arha ce ta kawo su, su kuma suka kawo tsada. Da yake doka ta tsananta a kan sabon gini don a kiyaye kamannin garin, gidaje ba sa ƙaruwa, masu nema ne ke ƙaruwa.

A nan gizo ke saƙa. Ƙasar Girka mai mutum miliyan 10 da ɗoriya ta karɓi baƙi sama da miliyan 30 a 2023. Mai gida a tsibiri ya gano cewa hayar kwana-kwana ta Airbnb a watanni uku ta fi hayar shekara. Sai ga malamin lakkol ko likitan da gwamnati ta tura tsibiran ƙasar yana yawo da jaka, albashinsa bai kai kuɗin ɗaki ba. Saurayin da aka haifa a unguwa ba ya iya sayen gida kusa da na ubansa. Kuɗin baƙi ne ke ciyar da mai alfadari da magini da mai gidan abinci, kuɗin nan ne kuma ke tura ƴaƴansu Pire. Akwai kuma ranar da ɓarna ta fito fili: a watan Yuni na 2024 gobara ta cinye wani yanki na dajin tsibirin, hukuma ta ɗora laifin a kan wasan wuta da aka harba daga wani jirgin shaƙatawa, aka kama ma'aikatansa 13. Da yake babu hanyar mota zuwa wurin, ta ruwa da ta sama aka kai ɗauki.

Takardu ma suna raba baƙi aji-aji. Ɗan ƙasar Tarayyar Turai yana zama yadda ya so. Wanda ba shi ba, kwana 90 ne cikin kowane 180, kuma tun 2021 mutanen Ingila ma sun faɗa wannan layi. A shekarar ce aka buɗe biza ta masu aiki ta intanet, bisa sharaɗin samun yuro 3.500 a wata. Da yake yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, wannan ya tasam ma miliyan 2 da jika 300. Kowa kuma sai ya yanki lambar haraji kafin ya sayi gida ko ya buɗe asusu a banki. Can gefe ga wasu baƙin da ba a ɗaukar hotonsu: ƴan Albaniya da suka kwararo ƙasar tun 1991, su ne ke fasa dutse da shafa farar ƙasa a tsibirai da dama. Abin lura, kakannin mutanen Idra su ma wani reshe na harshen Albaniya suke yi sa'ad da suka zo tsibirin.

A Girkanci kalma ɗaya ce, "ksenos", ke nufin wanda ba a sani ba da kuma wanda aka saukar a gida, kamar dai yadda "baƙo" take a Hausa. Mutanen tsibiri suna da ma'auninsu na rarrabe su. Suna duban wa ya koyi gaisuwa da harshensu, wa ke sayayya wurin mai shagon unguwa ba tare da raini ba, wa ya zo jana'iza, wa ya tuna ranar sunan maƙwabcinsa, wadda a can ta fi ranar haihuwa daraja. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka. Da Oktoba ya kama, jirage na raguwa, ana kwashe kujerun bakin tasha, gidaje da yawa su sha kwaɗo har baɗi. Baƙon da hayaƙi ke fita daga gidansa a watan Janairu, sa'ad da iska ta hana jirgi zuwa, shi ne za a fara aika wa da lemo daga bishiyar tsakar gida.