Kalaba: inda ƙananan kwakwa ke rayuwa a gindin manyan bishiyoyi

Idan ka tashi a Arewa, mai karatu, duk wani ɗan gidan kwakwa da ka sani ɗan rana ne. Giginya da goruba da dabino a fili suke tsayuwa, rana ta doke su tun safe har almuru, ko gezau. Shi ya sa in tafiya ta kai ka Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba, za ka ga abin da zai ɗaure maka kai: kwakwa 'yan ƙanana, wasu ba su wuce ƙugun mutum ba, a lafe a gindin bango ko ƙarƙashin mangwaro, ganyensu kore shar. Ka fitar da su tsakiyar rana, cikin 'yan kwanaki su ƙone.

Garin ne ya dace da su. Ruwan da ke sauka a Kalaba a shekara ya kai wajen milimita 3,000, kusan ninki uku na abin da Kano ke samu, kuma ko lokacin hunturu iskar ba ta bushewa irin tamu. Ka sauka a Bogobiri, unguwar Hausawan garin, ka yi sallah ka ci tsire, sannan ka ɗan zaga cikin tsofaffin unguwanni ka riƙa leƙa tsakar gidaje da harabar otal-otal. Nan za ka fara gane su.

Galibin waɗanda masu sayar da furanni ke ajiyewa baƙi ne. Akwai Chamaedorea elegans, 'yar ƙasashen Meziko da Gwatamala, siririya mai laushin ganye. Akwai Rhapis excelsa daga kudancin Sin, mai ganye kamar yatsun hannu, tana fitowa tsibi guda kamar gora. Akwai kuma Licuala grandis, wadda ganyenta zagayayye ne kamar maficin kaba da aka yi wa kalmasa. Duk a ƙasan daji aka halicce su, inda hasken rana ke isowa bayan ganyen sama ya tace shi.

Amma in kana son ganin asalin lamarin, sai ka fita gari ka nufi tsaunukan Oban, ɗaya daga cikin sassa biyu na gandun dajin ƙasa na Kuros Riba da aka kafa a 1991. Da ka shiga, zafin rana zai ɗauke kamar an rufe ƙofa. Ƙasa a lulluɓe take da ruɓaɓɓen ganye, kullum da danshi amma ruwa ba ya kwanciya. Za ka ga kwagiri, wanda ake saƙa kujeru da shi, yana hawa bishiyoyi da ƙayoyinsa. Mutane da yawa ba su san shi ma ɗan gidan kwakwa ba ne. A irin wannan daji na kudancin Najeriya har zuwa Gabon ne ake samun Podococcus barteri, 'yar ƙaramar kwakwa tamu ta gida mai siririn kara, bakin ganyenta kamar an gutsuttsura. An sa mata sunan Charles Barter, Baturen Ingila mai tattara tsirrai da ya biyo ayarin Baikie a kogin Kwara ya rasu a Rabba a 1859. Ka kalle ta ka bar ta a inda take. Doka ta hana tumɓuke tsiro a gandun, kuma ko ka tumɓuke, da wuya ta kai Lokoja da rai.

Abin da za ka ɗauko daga Oban shi ne yadda ƙasan dajin yake, domin shi za ka kwaikwaya a gida. Nemi gefen gabas na gida, inda ranar safe ke taɓawa kaɗan ta wuce, ko gindin wata bishiya mai inuwa. Saiwar mangwaro da ta darbejiya akwai haɗamar ruwa, don haka a ƙarƙashinsu gara ka sa a tukunyar ƙasa mai huji. Haɗa baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi, takin ya zama wanda ya riga ya ruɓe. Ka dasa a farkon damina. Ruwa kuwa sai saman ƙasar ya ɗan sha iska, domin yawan ban ruwa yana ruɓar da saiwa.

A Abuja da Kaduna aikin da sauƙi. Daga Zariya zuwa sama hunturu ne jarrabawa: bakin ganye zai bushe, ƙura ta lulluɓe shi, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa irin ta gizo-gizo su mamaye bayansa. Maganin shi ne wanke ganyen da ruwa akai-akai da jera tukwanen kusa da juna a inda bango ya tare iska. A ganina, in a Kano ko Sakkwato kake, ka fara da Rhapis, ta fi haƙuri. Licuala kuwa ka bar wa mutanen Kalaba kayansu, kada kyanta ya ja ka ka yi asarar kuɗi.

Uwargida, ga inda abin ya shafe ki. Cikin tsirran da ake jerawa a bakin titi akwai wani gajere mai kaurin gindi da taurin ganye, sunansa Cycas revoluta, kuma sau da yawa da sunan kwakwa ake sayar da shi. Ba kwakwa ba ne. Duk jikinsa guba ne, musamman 'ya'yansa masu launin ja-ja da ke ɗaukar idon yaro, kuma gubar hanta take taɓawa. Tana kashe kare da akuya. Idan yaro ya tauna, a kai shi asibiti nan take tare da ragowar abin da ya ci. 'Ya'yan Caryota, mai ganye kamar wutsiyar kifi, su kuma suna sa ƙaiƙayi mai zafi a fata da baki. Na Chamaedorea ma haka, don haka ki yanke zangarniyar tun ba ta nuna ba.

Mai sayarwa zai ce miki tsiron yana tace iskar gida. Maganar ta samo asali ne daga gwajin da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 1989, kuma a cikin rufaffun akwatuna aka yi shi, ba a tsakar gida ba. Ki saya don sanyin ido da wurin shan iska da yamma.

Sai ki kula da farantin da ake sawa a ƙarƙashin tukunya. Ruwan da ke taruwa a ciki wurin ƙyanƙyasa ne ga sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengue, kuma cikin mako guda zuwa kwana goma ƙwai ke zama sauro. Ki zubar da shi duk mako ki goge farantin, ko ki cika shi da yashi.