Ramin da ta ɗauka katanga ce

A jarrabawar aljabara ta zangon farko, wata ɗaliba ta rasa maki a kan tambayar da za ta iya rantsewa ta ƙware a kanta. An ba su (x² − 1)/(x² − 3x + 2), aka ce su nemo asimtot, wato miƙaƙƙen layin da zanen lissafi ke ta matsowa kusa da shi yayin da yake nausawa ba iyaka. Dokar da ta haddace gajeriya ce: duk inda ƙasan rabo ya zama sifiri, nan asimtot na tsaye yake. Ƙasan ya zama sifiri a x = 1 da kuma x = 2, don haka ta ja layi biyu, ta miƙa takarda hankalinta kwance. Takardar ta dawo da jan biro a kan na farkon.

Kunya ta hana ta tambayar malamin. Da daddare ta ɗauki na'urar lissafi ta shiga gwada lambobi, abin da ɗalibai ke rainawa alhali ya fi hadda gaskiya. Ta sa 2.01 a gurbin x, amsa ta fito 301. Ta sa 2.001, ta fito 3001. Lallai a nan zanen yana hawa sama kamar wanda ya ci karo da katanga. Sai ta koma gefen 1. Da 1.01 ta samu kusan −2.03, da 1.001 kuma −2.003. Babu hawa, babu gangara; lambobin sun natsu a bakin −2 sun ƙi motsi.

Ta daɗe tana kallon takardar kafin ta lura cewa saman ma yana zama sifiri a x = 1. Saman dai (x − 1)(x + 1) ne, ƙasan kuwa (x − 1)(x − 2). Gaɓar (x − 1) tana sama tana ƙasa, ta cinye kanta, saura (x + 1)/(x − 2). Sifirin ƙasa kan tura amsa nesa ne idan saman yana riƙe da wata lamba. Idan su biyun suka zama sifiri tare, sai an warware gaɓoɓin kafin a yanke hukunci. Abin da ke x = 1 ɗan rami ne, ɗigo guda da zanen ya tsallake ya ci gaba da tafiyarsa.

Asimtot na kwance bai ba ta wahala ba. Sama da ƙasa duk da x² suka fara, saboda haka y = 1 ne; da ta gwada 1000, ta samu kusan 1.003.

Ta goge layin da aka yi wa jan biro, ta zana 'yar da'ira mai fankon ciki a daidai (1, −2).